Mai Koriyar Lema da Barshumin Ɗa'ifa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, har da inda na ajiye tabarau ɗina ɗazun nan, amma ba zan taɓa mantawa da zafin shekarar da na nemi aure ba, da dattijon nan mai koriyar lema da ya hana ni sakat har kwana ashirin. Yau in jikokina suka ga na kawar da kai daga farantin barshumi, ɗan itacen nan mai ƙaya a bawo, sai su ɗauka ƙayarsa nake tsoro. Ba ƙaya ba ce. Kunya ce, kuma ta haura shekara hamsin ba ta sake ni ba.

A Tandabawi aka haife ni, nan cikin Makka. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya shekara bakwai a hanya, da ya sauke farali ya ce shi kam ya iso, ba inda za shi. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, na tashi a hannun ƙanin mahaifiyata, Kawu Ilu mai tsire, wanda har Larabawan unguwa kan yi layi a gaban tukubarsa. Ya so in gaje shi. Ni kuwa da na ga hayaƙi ba zai kai ni ko'ina ba (haka na gaya masa, Allah ya yafe mini), sai na tafi Jidda na zauna shekara uku wajen wani Bahindiye mai ɗaukar hoton fasfo. Na dawo da kyamara mai ninkewa, da kwalaben maganin wankin hoto, da girman kai wanda ya fi duka kayan nauyi.

Sai dai a Makka ta wancan lokacin, 'yan shekaru bayan ƙarewar babban yaƙin duniya, hoto abu ne da kowa ke buƙata amma ba mai son a gan shi yana yi. Hoton takardun hukuma an kawar da kai a kansa don dole. Wanda ya wuce wannan kuwa, a ɓoye ake yi. An ce shekarar da ta gabata wani baƙo mutumin ƙasar Jawa ya ɗauki hoton kasuwa, wani ya kai rahotonsa, wasu masu sanduna suka zo suka farfasa masa akwatin a gaban jama'a. Ban gani da idona ba, amma na ji labarin daga bakin mutum goma, kowanne da girman sandar da ya faɗa. Saboda haka ɗakin ajiyar gawayin Kawu Ilu shi ne ɗakin da nake wankin hoto. Bayan sallar asuba nake shiga, lokacin da ruwan tulu bai ɗau zafi ba, don da rana ta ɗaga fim kan narke a hannu. In zan fita aiki kuwa, kyamarar tana ƙasan kwando, na rufe ta da na'ana'a da lemon tsami. Duk unguwa ana yi mini kallon yaro mai tsananin son shayi.

Ana cikin haka na ga Saude. Mahaifiyarta, Inna Dije, tana sayar da soyayyiyar gyaɗa a unguwar Nakkasa, ta Sudan suka biyo suka zo, mahaifinta ya rasu a nan. Na sayi gyaɗa a gidan nan har ƙuraje suka feso mini a goshi, kafin Kawu Ilu ya gane inda na dosa ya kai gaisuwa. Inna Dije ta ce ita ba ta da ta cewa. Waliyyin yarinya yayan mahaifinta ne, yana can Sudan, zai zo aikin Hajji a jirgin Zulƙida, a jira shi. Ta ƙara da cewa mutum ne mai bin diddigi, ya taɓa korar manema biyu daga ƙofar 'yarsa ta cikinsa. Tun daga ranar na san inda nake tsaye. In aka kama kyamarar nan kafin ya iso, ba ni da sana'a, kuma wanda ba shi da sana'a ba mai ba shi Saude.

Bayan ƙaramar Sallah da kwana uku na fara ganinsa. Zafi ya kai inda duwatsun Makka ke huci har bayan magariba, na tsaya wajen mai kankana ina ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya kamar na san abin da nake saurare. Ina ɗaga kai sai ga wani dogon dattijo, baƙi, mai furfurar gemu, ya tsaya ƙarƙashin koriyar lema yana kallona. Ba kallon wucewa ba, kallon mai son ya haddace mutum. Washegari ina alwala a masallacin unguwa, na juya, ga shi zaune yana duban yadda nake wanke ƙafa. Jibi wajen mai wake da burodin tamis, ina loma yana ƙirga mini. Lema dai kowa na da ita a Makka, amma baƙa ko fara. Koriya kuwa ban taɓa gani ba sai tasa, na ce a raina lallai irin wadda hukuma ke raba wa mutanenta ce. (Daga ina na samo wannan ilimin? Ni ma ban sani ba. Amma a lokacin da an ce in rantse, da na rantse.)

Abokina Sale, golan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, shi ya ƙarasa ruɗa ni. Ya ja ni gefe ya ce, "Ya shehi, wani tsoho Bahaushe yana ta tambaya a kanka. Wai yaushe kake fita, yaushe kake dawowa, kana shan taba, da su wa kake zama, wai kana yawan zuwa Jidda?" Na ce ya faɗi sunansa? Ya ce a'a. Na ce to ya tambayi nawa sunan? Ya ce ai ya riga ya san shi, har da na babanka. Na ce wa Sale an gama da ni, sunana na rubuce a takarda, saura ranar da za a zo da sanduna.

Ita ma ƙwallo a lokacin ba a cika son ganinta ba, don haka ranar Juma'a bayan la'asar mukan hau motar wani mai ɗebo ruwa mu tafi wani fili bayan dutse, a gefen hanyar Muzdalifa. In ba lokacin Hajji ba, wurin nan ko tsuntsu ba ya tsayawa. Ranar muna da wasa da samarin Nakkasa, kuma na yi alkawarin ɗaukar hoton ƙungiyarmu. Ni ba ɗan wasa ba ne, in na harba ƙwallo gabas yamma take nufa, aikina tsayawa a gefe da rarraba kankana in an tafi hutu. Na jera su kafin a fara, Sale a tsakiya ya rungume ƙwallo, na ɗauka, na koma gefe ina jiran a ci in ɗauki murna. Ina gyara tsayuwa sai idona ya faɗa kan dutse. Koriyar lema. Yana zaune ƙarƙashinta ya miƙe ƙafa, a wurin da ba a isa sai da mota ko jaki.

Abin da na yi, har yau Sale bai yafe mini ba, kuma ya riga mu gidan gaskiya. Na cusa kyamara a kwando, na yi tunanin dole in nuna wa tsohon nan wasa ya kawo ni, ba hoto ba. (Ban tsaya na tuna cewa ita ma ƙwallon laifi ce ba.) Na tattare doguwar rigata na kama ta da haƙori, na afka fili ba wanda ya kira ni. Ƙwallo ta zo gabana, na rufe ido na ɗirka mata ƙafa da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ta tashi, ta wuce ta saman kan Sale, ta shige tsakanin duwatsu biyun da muke kira raga. Ragarmu. Samarin Nakkasa suka ɗaga ni sama suna kabbara, namu kuwa suka ce a ƙafa zan koma gida. Da na waiga kan dutsen, sai na ga lemar tana girgiza. A lokacin na ɗauka rubutu yake yi.

Na yanke shawarar in gudu da kyamarar zuwa Ɗa'ifa. Dama duk shekara in zafi ya yi zafi nakan hau can, inda attajiran Jidda ke kai iyalansu shan iska, in ɗauki 'ya'yansu maza hoto a cikin lambunan inabi da rumman ba mai sa mini ido. Na ce zan bar ta wajen wani mai lambu da na sani har ƙura ta lafa. Sale kaɗai na gaya wa. Da sassafe na hau bayan lorin da ya sauke kayan lambu zai koma, na rungume kwandona, na sami buhu na zauna. Direba ya tayar da mota ke nan sai aka miƙo wata lema daga ƙasa, aka ce, "Ɗan nan, kama mini." Ni da hannuna na jawo shi sama. (Daga baya na ji Sale ne ya gaya masa. Haushin ƙwallon nan bai huce ba.)

Ya zauna kusa da ni, gwiwarsa na taɓa kwandon. Muka gaisa. Hausarsa tsantsa ce, ba irin tamu ta Tandabawi da rabinta Larabci ne ba, na ce a raina wato har daga waje ake ɗauko su. Da muka fita gari ya fara.

"Ɗan nan, mece ce sana'arka?"

Na ce, "Wallahi Baba ba ni da sana'a. Zaman banza nake yi, kawuna ke ci da ni."

Ya jinjina kai. "Babba da kai? To me za ka yi a Ɗa'ifa?"

A nan ne Shaiɗan ya miƙo mini amsa, ni kuma na karɓa da hannu biyu. Na ce, "Iyalina ke can. Mata da 'ya'ya huɗu."

"Huɗu?"

"Huɗu, Baba. Na biyar na hanya."

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Na ji kuma an ce kana neman wata yarinya a Nakkasa." Wato har gidan su Saude binciken ya kai, za a ja su cikin laifina. Na ga ya kamata in kare su, in nuna ba abin da ya haɗa mu. Na yi dariyar ƙarfin hali na ce, "Haba Baba, ai wasa nake yi. Gyaɗar gidan kawai nake so." Ya dube ni, ya dubi hanya, ya ce, "Tayyib," wato to shi ke nan. Muka ci gaba da tafiya har muka tsaya shan shayi a zangon Sail, ni kuwa sai yaba wa kaina nake yi, wai na iya fita daga tarko.

Mun isa Ɗa'ifa rana ta karkata, iska mai sanyi na kaɗawa, a bakin tasha ga masu barshumi sun jera daro. Ga wanda bai san shi ba, ɗan itace ne mai ƙananan ƙayoyi a bawo, cikinsa zaƙi da sanyi, cike da 'ya'ya masu tauri kamar tsakuwa. Duk wanda aka haifa a Hijaz ya san ƙa'idarsa: ka ci uku ko huɗu ka tsaya. In ka zarce, hanyar ciki ta toshe, sai ka yi kwanaki kana zarya bayan gida ba labari. Na ga tsohon ya tsaya yana kallon daron, ya ce, "Wannan kuma mene ne?" A take dabara ta faɗo mini. In ya kwanta kwana biyu, na kai kyamara lambu, na yi aikina, na koma Makka ba mai bina.

Na ce, "Baba, ai baƙo ba ya shiga Ɗa'ifa bai ci wannan ba. Zauna, yau kai baƙona ne." Na karɓi wuƙa daga mai sayarwa, na shiga ɓare masa da kaina, ƙaya na shiga yatsuna ina murmushi. Ya ci na farko ya lumshe ido. Ya ci na biyar ya ce ya ƙoshi, na ce ai ba a fara ba, tsayawa a biyar raini ne ga mai gari. Mai daron ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa. Sai da dattijon nan ya ci ashirin da uku, yana ci yana sa mini albarka, yana cewa, "Kai, ɗan nan, duk da ba ka da sana'a akwai ka da kirki." Na ji wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, amma na ce ƙayar barshumi ce.

Muka sauka a wata gahawa ta bakin gari, wato gidan shayin da matafiya ke kwana, irin mai gadajen igiya, ta wani mutumin Yaman. Da gari ya waye na ɗauki kwandona zan sulale, sai na ji nishi. Tsohon na kwance ya riƙe ciki, gumi na zuba, cikin ya yi tauri ya ɗaga riga. Mai gahawa ya zo ya tsaya a kansa ya tambaye shi me ya ci. Ya ce barshumi. Guda nawa? Da ya ji adadin sai ya ce, "La haula!" ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai ba ɗan Makka ba ne?" Na ce ban cika jin Larabci ba.

Ina so in ce tausayi ne ya hana ni tafiya, amma na yi wa kaina alkawarin faɗin gaskiya a wannan labarin ko sau ɗaya ne. Tsoro ne. Na tuna duk mutanen tasha sun ga ina ɗura masa abin nan da hannuna. In mutumin hukuma ya mutu a hannuna, ba kyamara za a fasa ba, ni za a fasa. Na ajiye kwando ƙarƙashin gadonsa na ruga kasuwa na sayo sanamaki, wato filasko, na dafa, na haɗa da man zaitun, na ɗaga kansa ina ba shi. Kwana uku ina fifita, ina murza masa ciki da ruwan ɗumi, ina riƙe shi zuwa bayan gida, ina tsaye a ƙofa da buta ina addu'ar da ban taɓa yin irinta ba ko a Arfa. Rana ta biyu ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Ɗan nan, ina iyalin naka? Ko ɗan kunu ba a aiko ba?" Na ce ta yi yaji. Ya ce, "Da tsohon ciki? Da 'ya'yan duka huɗu?" Na ce ai muguwar zuciya gare ta. Ya ce, "Tayyib," ya mayar da ido ya rufe.

Rana ta uku bayan azahar Allah ya kawo sauƙi. Hamdalar da ya yi daga bayan katanga, har jakunan da ke ɗaure a waje sai da suka ɗaga kunne. Muka koma Makka a lori ɗaya, ya rame, ni ma na rame, kyamarar kuwa ko lambun ba ta gani ba. A tasha ya ce mini sai wata rana, ya buɗe lemarsa ya tafi. Kwana biyar ban ƙara ganinsa ba. Na shiga gaya wa kaina cewa na yi maganinsa, har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Sai ga saƙo daga Nakkasa, baffan Saude ya iso, a zo ranar Alhamis bayan la'asar. Bisa al'ada manya ke zuwa, ba a tafiya da mai neman auren, amma aka ce baffan ya ce lallai a zo da ni. Na sa farar riga sabuwa, na shafa turare har Kawu Ilu ya yi atishawa, muka hau tudun nan da dattawan unguwarmu uku. Muna isa ƙofar zauren na hango ta jingine da bango. Koriyar lema.

Kowane mai hankali a nan zai gane. Ni ban gane ba. Abin da ya zo mini shi ne, la'anannen tsohon nan ya riga ni zuwa don ya ɓata ni a wurin baffan Saude. Muka shiga, zaure cike da dattawa, ga shi zaune a kan darduma a tsakiya yana jan carbi. Daga bayan labule ana jin motsin mata. Ko gaisuwa ba a gama ba na miƙe tsaye, na nuna shi da yatsa na ce, "Jama'a, don Allah kafin baffan yarinya ya fito, a fitar da wannan tsohon! Wallahil azim jasus ne, ɗan leƙen asiri! Kwana ashirin yana bina. Duk abin da zai faɗa a kaina ƙarya ce!"

Kawu Ilu ya kama gefen rigata yana ja ƙasa kamar zai yage ta. Wani dattijo maƙwabcin Inna Dije ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro, wannan shi ne Malam Hamidu, yayan marigayi. Waliyyin Saude." Ashe tun ƙarshen azumi ya sauka a jirgin farko, ya sauka gidan wani abokinsa, ya hana Inna Dije faɗa wa kowa, don shi ba ya bayar da 'ya a kan abin da maƙwabta suka ce, sai abin da idonsa ya gani. Daga bayan labule na ji wata ta toshe baki, dariyar ta ƙwace ta fito ta hanci. Na san dariyar, ta Saude ce. Na koma na zauna, ban ma san a kan farantin dabino na zauna ba sai da aka janye shi.

Malam Hamidu bai ɗaga murya ba. Ya ajiye carbi ya dubi Kawu Ilu ya ce, "Malam Ilu, ɗanku ya ce duk abin da zan faɗa ƙarya ce, kuma ya yi gaskiya, don maganarsa zan maimaita." Ya jero su dalla-dalla. Ba shi da sana'a, kawunsa ke ci da shi. Yana da mata a Ɗa'ifa da 'ya'ya huɗu, na biyar na hanya. Kawu Ilu ya juyo ya ce, "Kai! Yaushe?" Na ce, "Kawu, babu ko ɗaya." Ya ce, "To rufe mini baki." Malam Hamidu ya ci gaba, ya ce yaron ya ce shi ba 'yarmu yake so ba, gyaɗar gidan yake so. Dariyar bayan labule ta tsaya cak. Wannan shirun ya fi komai yi mini ciwo a ranar. Sannan ya kawo ƙwallon da na ci gida, ya kawo barshumi ashirin da uku, ya ce mai gahawa ya bayyana masa cewa ko yaron goye a Hijaz ya san abin da wannan adadin ke yi wa cikin mutum. Dattawa suka yi ta salati, ɗaya daga cikin namu ya tashi ya fita, na jiyo shi a waje yana tuntsira dariya.

Sai ya juyo gare ni. Ya ce, "Akwatin naka na gan shi. Da ka tafi sayen sanamaki na buɗe kwandon, har da hotunan da ke ciki na duba. Aiki ne mai kyau. Ni ƙaryar mata da 'ya'ya ba ta dame ni ba, wauta ce. Abin da ya dame ni, mutum ya musanta abin da yake ci da shi. Yanzu zan sake tambayarka a gaban mutanen nan. Mece ce sana'arka?"

Na dubi ƙofa, na dubi fuskokin da ban sani ba. Shekara biyu ina ɓoye kalmar nan ƙarƙashin na'ana'a. Na ce a hankali, "Hoto." Ya ce bai ji ba, kunnensa ya yi rauni tun ciwon Ɗa'ifa. Na ɗaga murya na ce, "Mai ɗaukar hoto ne ni, Baffa." Na jira rufin zauren ya faɗo. Ba abin da ya faɗo. Maƙwabcin nan ma cewa ya yi ai kowa ya sani, shi da kansa yana son na takardar zama. Malam Hamidu ya ce, "Gyaɗar fa?" Na ce, yadda za a ji har bayan labule, "Baffa, wallahi ni gyaɗa ƙuraje take sa ni."

Ya ɗauki carbinsa ya ce wa dattawa, "Ya cuce ni da gangan, wannan ba shakka. Amma yana da hanyar gudu bai gudu ba, kwana uku yana riƙe mini buta. Na ba shi." Aka shafa fatiha. Ina murna a raina cewa aƙalla bai gano dalilin zamana ba, sai ya yafito ni, na durƙusa a gabansa, ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Na san tsoro ne ya zaunar da kai, ba tausayi ba. To ka riƙe tsoron nan da kyau, don na fasa komawa Sudan."

Bai koma ba kuwa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a gidan da ke kallon namu kafin ya rasu, kuma hotonsa da na ɗauka, riƙe da lemar, yana nan a bangon ɗakina yana bina da ido. Saude ta yi wata guda bayan biki ba ta sa mini gyaɗa a miya ba, in na tambaya ta ce ta aika wa uwar 'ya'yana ta Ɗa'ifa.

Abin da na koya shi ne, in ka ga dattijo ya zuba maka ido, ka je ka durƙusa ka ce, "Baba, lafiya?" Da na yi haka wajen mai kankana, da na huta, da cikin bawan Allah ya huta. Da 'yata ta fari ta isa aure wani yaro ya fito, ni ma na sayi lema na bi shi mako biyu cur, kasuwa da masallaci da filin ƙwallo. Yaron kirki ne, na ba shi. Amma duk tsawon kwanakin nan, ko ruwa ya miƙo mini ban karɓa ba.